Marina Biyu a Tsibirin Takwasa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa don masu ƙafa, ya tara ruwa don marasa ƙafa, ya kuma ɓoye a ƙarƙashinsa abin da gara ido bai gani ba. Ku matso kusa, ku da iyakar ruwan da kuka sani shi ne kogin bayan gari, ku ji abin da ya same ni, ni Korau marini na Birnin Zakwai, tare da yayana Tunau, a shekarar da neman baƙin rini ya raba mu da gida.

Mu marina ne tun kaka da kakanni. A duk karofin garinmu babu kamar Yaya Tunau. Shi ba ya tsayawa kallon kumfar rijiyar baba kamar sauran mutane, naɗe hannun riga yake yi, ya tsoma damansa, ya murza ruwan tsakanin yatsu, ya shafa bangon rijiyar, sannan ya ce ta nuna ko da saura. Bai taɓa kuskure ba. Ni kuwa nawa aikin juya muciya ne da shanya da yawan ƙorafi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa tsallake maganarsa ba.

Wata ranar kasuwa wani falke ya zo da rawani baƙi wuluk. Ya sa aka kawo ƙwarya da ruwa, ya wanke shi a gaban jama'a, ya matse, ruwan ya fito tas kamar ba a taɓa shi ba. Sai wani shaƙiyyi ya nuna nasa wuyan inda rigar da muka rina ta zuba masa shuni, kasuwa ta fashe da dariya. Falken ya ce da tawadar wata halitta aka rina shi, wadda ke zaune a wani tsibiri cikin Tekun Sha-Rana. Muna komawa gida Yaya ya kira ni.

Ya ce, "Korau, ɗaura kaya."

Na ce, "Ina za mu, Yaya?"

"Inda ya faɗa."

"Ai ban ji ya ce kusa ba ne."

"Ni ma ban ji ka fara ɗaurin ba."

Haka muka bi ayari muka ƙetare ƙasar gishiri inda raƙuma ke tafiya da takalman fata, muka ratsa wani daji da itatuwansa ke zubar da ganye idan an yi magana da ƙarfi, har na koyi yin ƙorafina a zuci. Daga ƙarshe ƙasa ta ƙare. Na tsaya ina kallon ruwan da ba shi da ƙetare, na ja da baya tun kafin in taɓa shi. Ni mutum ne mai tsoro, ban kuma taɓa ganin aibin haka ba, don tsoro ne ya kawo ni shekarun da nake cikinsu yanzu.

Muka shiga jirgin wani Barmo, sarkin jirgi mai ido ɗaya da dariyar mugunta. Muna tsakiyar teku da hantsi sai ruwan gabanmu ya fara tafasa, wasu halittu dogaye masu sulɓi suka riƙa ɓallowa daga ciki suna keta iska suna tsallake jirgin. Ba su da fukafuki. Ruwa suke zuƙa su fesar ta wani bututu a ƙarƙashin kai, fesawar ce ke cilla su da baya. Ɗaya ta faɗo mini a cinya, ta zuba mini ido, jikinta ya yi ja, ya koma fari, sannan ta watsa mini baƙin abu a fuska. Na kurma ihu ina salati, na ɗauka na makance. Yaya ko kallona bai yi ba, ya lakato abin daga goshina yana murzawa.

Barmo ya ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka. Waɗannan 'yan aike ne, tawadarsu ba ta isa rina hula ba. Manyan suna gaba, su ba sa tsalle. Jira suke yi."

Na tambaye shi me suke jira, ya yi dariya ya juya mini ƙeya.

Tsibirin da ya sauke mu sunansa Lambuzu. Mazan garin masunta ne, da asuba suke fita sai yamma, matan kuma ginin tukwane suke yi. Barmo ya damƙa mu hannun wata tsohuwa, Iya Gwamma, wadda ke jin harshen fatake, ya ce zai biyo ta kanmu idan iska ta juya. Ita ta ba mu ɗaki, ita ta fara nuna mana halittar da suke kira takwasa.

Ta kai mu bakin wani kwatami, ta ce in zauna a kan dutse in duba. Na duba, ban ga komai ba sai tsakuwa da gansakuka. Ina shirin cewa tsohuwa ta raina mana hankali, sai dutsen da ke kusa da ƙafata ya buɗe ido. Ido ne irin na akuya, da baƙin a kwance. Dutsen ya saki jiki, ƙurajensa suka lafa, launin toka ya koma ja, hannuwa suka warware ɗaya bayan ɗaya har takwas. Ban san lokacin da na haye bayan Yaya ba.

Iya Gwamma ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ai jaririya ce."

Ta kama ta da dabara ta jefa a tukunya, ta rufe da murfi ta ɗora dutse. A gefen tukunyar akwai wata 'yar huda da babban yatsa kawai zai shiga. Muna kallo sai ga tsinin hannu ya leƙo, sai na biyu, sai jiki gaba ɗaya ya riƙa malalowa ta hudar, ido ɗaya ya matso ya fito, ɗayan ya biyo baya, ta faɗa kwatami ta sake zama dutse. Iya ta ce ba ta da ƙashi ko ɗaya sai baki mai tauri irin na aku a tsakiyar hannuwa, kuma duk inda bakin nan ya wuce sauran jiki zai wuce. Ta ce zuciyarta uku, jininta shuɗi, kuma da hannu take ɗanɗanon abu, don ƙarƙashin kowane hannu cike yake da 'yan kofuna masu tsotso. Ta ɗora mini guda a tsintsiyar hannu in ji. Ya kama ni kamar ƙahon wanzami, ya bar mini jan zobe.

Al'adar mutanen Lambuzu ita ce su gina manyan randuna su zura su cikin teku da igiya, don takwasa na son ɗaki mai ƙaramar ƙofa. Idan ta tare a ciki sai su jawo randar a hankali, su ɗan razana ta, ta fesa tawada, su tace su mayar da ita da ɗakinta. Ba sa kashe ta. Amma mun zo a mugun lokaci. Iya ta ce yanzu kakar ƙwai ce, iyaye sun shiga kulle, kowace ta toshe ƙofarta da duwatsu. Babu mai taɓa igiyar randa sai 'ya'ya sun ƙyanƙyashe, wanda ya taɓa kuwa a kore shi daga tsibirin. Yaya ya yi mata alkawari, ya kuma cika, ko kusa da igiya bai je ba.

Sai dai zama ba aiki ya fi masa ciwo zafi. Ya rame, ya riƙa zagaye gari yana murza yatsunsa a iska.

Tekun nan yana da wata ɗabi'a. Da safe yakan janye ya yi nisa ya bar fili, can kuma ya dawo ya shanye filin kamar bai taɓa barinsa ba. Wata safiya, maza sun fita kamun kifi, muka bi bayan ruwan muna yawo har muka isa wani shimfiɗaɗɗen falalen dutse a bayan gari. Muna hawa Yaya ya tsaya cak. A jikin falalen akwai ramuka zagayayyu a jere, masu zurfi, kowane cike da ruwa. Wallahi in ka ɗauke ƙarar teku sai ka rantse karofin Zakwai ne. Ɗaya daga ciki ruwanta baƙi ƙirin ne, ga 'yar kumfa a sama.

Yaya ya ce, "Korau, ka gani? Ta nuna."

Iya Gwamma ta gargaɗe mu kan randuna, ta gargaɗe mu kan igiya, amma ba ta taɓa ce mana kada mu sa hannu a rami ba. Bai faɗo mata a rai ba, don a Lambuzu ko yaron da ke rarrafe ba ya zura hannu inda ba ya ganin ƙasa. Mu kuwa da haka muke cin abinci. Ni kaina ban ji komai ba da na ga ya naɗe hannun riga ya kwanta rubda ciki a bakin ramin, abu ne da na gani sau ba adadi. Ya tsoma, ya murza, ya shafa bango. Ya ce, "Bangon nan ya saki, ji dutse na motsi." Marini ba ya iya jin dutse na motsi a rijiya ya ƙyale. Ya zaro shi.

Ban ga abin da ya fito ba. Ƙarar ƙirjinsa kawai na ji da ya bugi falale. Aka ja hannunsa cikin kogon da ya buɗe a ƙasan bakin ramin har gwiwa, damtsensa ya kwanta a kan gaɓar dutsen, kumatunsa a ƙasa. Wani abu mai kaurin cinyata ya naɗe masa hannu, ya hauro kafaɗa yana lalube.

Na kama ƙugunsa na ja, ya yi ƙara ya ce in bari, kafaɗarsa za ta fita. Na ruga gari ina ihu kamar mahaukaci. Iya Gwamma ta fito da tulun ruwan sha a ka da addar fasa kwakwa a hannu, tana gudu irin wanda ban zaci tsohuwa za ta iya ba. Da ta ga ramin sai ta dafa ƙirji.

Ta ce, "Wayyo ni Gwamma! Wa ya ce ku zo nan? Nan manyan da suka fi ƙarfin randa suke kulle!"

Ta juye ruwan tulun a ramin, don takwasa ba ta jure ruwan da ba gishiri. Hannun da ke kafaɗar Yaya ya yi fari fat, ya yi ja jawur, sannan ya ƙara matsewa har Yaya ya ciji leɓe. Na fizge addar na sare hannun nan. Shuɗin jini ya malala a kan dutse. Na ɗauka shi ke nan, ashe yankakken bai san an yanke shi ba, ya ci gaba da hawa wuyan Yaya yana tsotso, sai da na ɓamɓare shi kofi bayan kofi na yar, ya kama rarrafe a falale yana neman hanyar rami. Kafin in juyo wani sabo ya maye gurbinsa.

Na ce, "Iya, cinye shi za ta yi?"

Ta ce, "Da ci ne da da sauƙi, sai mu ba ta kifi. Uwar ƙwai ba ta ci, tun ranar da ta yi ƙwai ta rufe baki, kuma ba za ta buɗe ba har ta mutu. An buɗe mata ƙofa ne, ta toshe da abin da ta samu."

"To mu ba ta dutsenta!"

Na ɗauko dutsen da Yaya ya zaro. Ba yadda za a miƙa mata shi sai an shiga, na kuwa shiga, ni Korau, ruwa har wuya, ƙafafuna suna neman abin takawa. Ruwan tulu ya ɗan wanke baƙin, na nutsa kai na buɗe ido. Ta tsakanin duwatsu na hango cikin kogon. Ƙwai ne a rataye daga rufi, zangarniya zangarniya, ba su ƙirguwa, a cikin kowane ga ɗigon ido biyu. A ƙarƙashinsu ga uwar, ta rame fatarta ta yi yaushi, tana hura musu ruwa a hankali, wani hannun yana share su. Idonta ya kai faifai, yana kuma kaina. Wani siririn hannu ya zo ya shafa mini fuska, ya bi leɓena, ya tsaya a kan fatar idona yana ɗanɗanawa. Na ji fitsari ya kubce mini. Sai ya sauka ya karɓi dutsen daga hannuna cikin ladabi, ya cusa shi a gefen hannun Yaya, ya danna.

Ihun da Yaya ya yi har cikin ruwa na ji shi. Na ba ta abin da za ta ƙara gini ne kawai. Da na kai hannu in zare dutsen sai ta fesa tawada, duniya ta yi baƙi, Iya ce ta kamo wuyan rigata ta fito da ni. Abin da muka ƙetare duniya muna nema ga shi ya jiƙa ni sharkaf, yana ɗiga daga gemuna, ko kallonsa ban yi ba.

A lokacin ne na ji sanyi a idon sawuna. Teku ya juyo.

Kumfa ta fara hawa falale tana komawa. Ta zo ta taɓa kumatun Yaya, ya ɗaga kai ya tofar. Ta koma, ta dawo da ƙarfi. Na durƙusa na tallafe haɓarsa, amma iyakar ɗagawarsa ke nan, kafaɗarsa a manne take da dutse. Na waiga ko zan ga jirgin masunta, babu komai sai ruwa. Iya Gwamma ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa damtse kusa da hammata, ta sa tsinken itace ta murɗa har naman ya kumbura. Sannan ta ajiye addar a gabana. Hannunta ba shi da ƙarfin da zai raba ƙashi da sara ɗaya.

Yaya ya ga addar. Ya ce, "Korau."

"Na'am, Yaya."

"Kada ka kuskura."

"Yaya, ruwa..."

"Na ga ruwan, ba makaho ba ne ni. In kwanana ya ƙare a bar ni in tafi da hannuna. Me zan koma Zakwai in yi? In zauna bakin karofi ana ba ni sadaka?" Taguwar ruwa ta rufe masa fuska, ya fito yana tari. "Wallahi in ka taɓa shi ban yafe maka ba, duniya da lahira!"

Na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce masa ya tuna iyalinsa, ya ce in riƙe su. Na ce ban san hanyar gida ba, ya ce in tambaya. Ruwa ya sake rufe shi, wannan karon ya daɗe, na ga idanunsa a buɗe a ƙarƙashin kumfa suna kallona. Da ya janye Yaya bai iya magana ba, haki kawai yake yi, amma yana girgiza mini kai.

Na ce, "Yaya, ka tsine mini a tudu."

Iya ta danne kansa gefe. Na jira taguwa ta koma, damtsen ya bayyana a kan gaɓar dutse, na ɗaga addar da hannu biyu na ambaci sunan Allah. Ba zan faɗa muku ƙarar ba. Sara ɗaya bai isa ba, sai da na ƙara.

Muka ja shi, ruwa har gwiwa, yana faɗar da mu muna tashi. Da na waiwaya falalen ya nutse, babu alamar rami, babu komai. Matan gari suka tarye mu a gaɓa, aka tafasa man kifi aka ƙona bakin ciwon. Bai farka ba a lokacin, wannan kaɗai na gode wa Allah a ranar.

Zazzaɓi ya riƙe shi har sabon wata ya tsaya. Iya ce ke ɗura masa kunu da ludayi, don idan na matso sai ya juya fuska bango. Ya yi magana da ita, ya yi da masunta, har da kajin gidan yana kora, amma ni ko sunana bai kira ba. Ina kwana a bakin ƙofarsa, ina wanke masa tufafi, ina jiran tsinuwar da na ce ya yi mini, ita ma ta ƙi zuwa. Ana cikin haka ƙwai suka ƙyanƙyashe, bakin teku ya cika da 'yan mitsi-mitsin takwasa, gawarwakin iyayen suka riƙa fitowa gaɓa farare fat. Aka jawo randuna, Iya ta cika mana salka da tawada. Yaya ya ce a fitar masa da ita daga ɗaki.

Ranar da ya fara iya zama, Iya ta dafa masa tuwo da miyar kifi ta ajiye a gabansa ta fita. Ina rakuɓe a bakin ƙofa. Na ga kafaɗarsa ta dama ta motsa za ta kai ga akushi, sannan ta tsaya. Ya dubi hagunsa a kan cinya, ya daɗe yana dubanta. Mutumin da ko goro bai taɓa karɓa da hagu ba. Tuwon ya huce, ƙuda ya fara sauka, bai taɓa ba.

Can, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ka wanke hannunka?"

Na ce, "Na wanke, Yaya."

"Da daman nan ka fi ƙarfafa saran?"

"Da shi."

Sai ya turo akushin da ƙafa.

"To da shi za ka ba ni. Ka cire ƙayar da kyau, kada bayan hannu ka raba ni da maƙogwaro."

Na matso na durƙusa a gabansa. Na gutsuro loma, miya tana zuba a tabarma, hawaye sun hana ni ganin bakinsa. Ya kamo tsintsiyar hannuna da hagunsa ya daidaita ta, sannan ya buɗe baki.